Harza a Cikin Abinci da Gwargwadon da Hanjin Ɗan'adam Yake Buƙata

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, kafin ƙwayar dawa ko ta gero ta zama tuwo, sai ta bi ta hannun mai sussuka da mai shiƙa da mai surfe da mai niƙa da kuma mai tankaɗe. A kowane mataki akwai abin da ake raba ta da shi. Ƙaiƙayi iska ke tafiya da shi, dusa a kai wa tumaki, ƙasari a zuba wa dabbobi su sha, tsaki kuwa a watsa wa kaji ko a ajiye shi don fate. Gari mai fari da laushi shi ne abin yabo, kuma da shi ake gane mace mai iya aiki. Wannan ya sa aka daɗe ana ɗaukar dusa da makamantanta a matsayin abin da ba ya tsinana wa jikin mutum kome.

Daga shekarun 1970 zuwa yau, binciken likitoci ya tabbatar da cewa wani ɓangare na abin da ake zubarwa ɗin nan shi ne abin da hanji ya dogara da shi wajen gudanar da aikinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wannan ɓangare na abinci, da aikin da yake yi a cikin ciki, da gwargwadon da masana suka ƙayyade wa babba da yaro a kowace rana. Daga nan za a auna wannan gwargwado da cimakar Hausawa, a ga inda ake samun sa da kuma inda yake salwanta. Za a rufe da wasu abubuwan lura, domin kowane abu mai amfani yana da iyakarsa.

2.0 Ma'anar Harza

Hausa tana da kalmomi da dama masu kusanci da abin da ake magana a kai. Akwai dusa, wato fatar ƙwayar hatsi da surfe yake fitarwa. Akwai tuƙa, wato abin da yake saura a baki bayan an tsotse rake. Akwai ɓawo, kamar na wake ko na dankali. Akwai yauƙi, irin na kuɓewa da karkashi da lalo. Sa'annan akwai harza, wato zare-zaren nan da ake tararwa a cikin kabewa ko duma. Kowace daga cikin kalmomin nan ta kama gefe ɗaya ne na ma'anar. A wannan maƙala an zaɓi kalmar harza, an faɗaɗa ma'anarta ta haɗa dukkansu.

Harza ke nan ita ce ɓangaren abincin da ya fito daga tsirrai, wanda ruwan narkar da abinci na tumbi da na ƙaramin hanji ba sa iya narkar da shi, sai ya wuce zuwa babban hanji kusan yadda aka haɗiye shi. Mafi yawanta daga bangon ƙwayoyin halittar tsiro take, kuma masana kimiyya sun ba sassanta sunaye irin su selulos da hemiselulos da fektin da lignin. Daga wannan ma'ana za a fahimci cewa nama da kifi da ƙwai da madara da mai da sukari ba su da harza ko kaɗan. Jijiyar da ake tauna a cikin nama ba harza ba ce, domin ciki yana narkar da ita.

An saba kasa harza gida biyu. Akwai wadda take jiƙa a cikin ruwa ta yi kauri ko yauƙi, kamar wadda ke cikin kuɓewa da garin ƙwallon kuka da wake. Akwai kuma wadda ba ta narkewa a ruwa, sai dai ta tsotse shi ta kumbura, kamar dusar hatsi da jijiyoyin ganye. Kusan kowane tsiro yana ɗauke da nau'o'in biyu, illa dai wani ya fi yawa a nan, wani ya fi yawa a can.

3.0 Yadda Aka Gano Muhimmancinta

Wani likita mai suna Eben Hipsley ne ya fara amfani da sunan da ake kiran harza da shi yau a Turance, a shekarar 1953. Sai dai waɗanda suka jawo hankalin duniya ga batun likitoci ne da suka yi aiki a Afirka. Hugh Trowell ya yi kusan shekara talatin yana aikin asibiti a Kenya da Yuganda, kuma a 1960 ya fitar da littafi a kan cututtukan da ba a ɗaukar su daga wani a Afirka, inda ya nuna cewa akwai cututtuka masu yawa a Turai waɗanda da wuya a gan su a asibitocin da ya yi aiki. Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya zauna a Kampala, ya ɗora a kan wannan. A 1971 ya buga maƙalar da ta danganta ciwon dajin babban hanji da ƙarancin harza a cikin abinci.

A 1972 Burkitt da Alec Walker da Neil Painter suka buga sakamakon wani awo mai sauƙi. Sun auna nauyin bahayar mutane a wurare dabam-dabam, da kuma tsawon lokacin da abinci yake ɗauka daga baki zuwa fita. Mutanen karkarar Yuganda, masu cin abincin da ba a tace ba, suna fitar da fiye da giram 400 a rana, kuma abinci yana ratsa cikinsu cikin kimanin kwana ɗaya da rabi. Turawan Ingila masu cin farin biredi da sukari da nama kuwa, nasu bai wuce kimanin giram 100 ba, kuma abincin yakan kai kwana uku ko fiye a ciki. Ba dukkan abin da Burkitt ya yi hasashe ne bincike ya gaskata daga baya ba, amma ginshiƙin maganarsa yana nan, wato cewa abin da injin niƙa yake cirewa daga hatsi yana da tasiri ga lafiyar hanji.

4.0 Aikin Harza a Cikin Hanji

Idan abinci ya bar tumbi, yakan shiga ƙaramin hanji, mai tsawon kimanin mita shida, inda jiki yake tsotse abubuwan gina shi. Abin da ya rage sai ya gangara babban hanji, mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi. Babban aikin wannan hanji shi ne janye ruwa daga abin da ya iso masa. Saboda haka duk daɗewar da bahaya ta yi a cikinsa, ƙara bushewa da tauri take yi. A nan ne harza take aiki ta hanyoyi uku.

Na farko, tana riƙe ruwa ta ƙara wa bahaya yawa da laushi. Idan bahaya ta yi yawa, sai ta buɗa bangon hanji, shi kuwa wannan buɗawa ita ce take sa hanji ya motsa ya tura abin da ke cikinsa gaba. Binciken John Cummings na ƙasar Birtaniya ya nuna cewa kowane giram ɗaya na harzar dusar alkama yana ƙara kimanin giram biyar ga nauyin bahaya, alhali fektin bai fi ya ƙara giram ɗaya da 'yan kai ba. Wannan ya nuna cewa nau'o'in harza ba ƙarfinsu ɗaya ba wajen sassauta ciki.

Na biyu, harza mai yauƙi tana rage saurin da sukari yake shiga jini bayan an ci abinci, tana kuma kama wani ɓangare na ruwan matsarmama ta fice da shi. Hanta sai ta ɗebo kolestirol daga jini don ta sake haɗa wani, ta haka yawansa yake ɗan raguwa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ambaton harza a maganar ciwon sukari da ciwon zuciya.

Na uku, harza ita ce abincin ƙwayoyin bakteriya da suke zaune a cikin babban hanji, waɗanda ƙiyasin 2016 ya nuna sun kai kimanin tiriliyan 38 a jikin babban mutum. Waɗannan ƙwayoyi suna tsimar da harza kamar yadda ake tsimar da gasara, su fitar da wasu sinadarai masu tsami, waɗanda suka haɗa da asetet da furofiyonet da butiret. Butiret shi ne babban abincin ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe cikin babban hanji. Iskar da take damun mai cin wake daga wannan tsimi take fitowa, saboda haka alama ce ta aikin da ke gudana.

Bincike biyu da aka gudanar a Afirka sun ƙara haske a kan aiki na uku. A 2010 Carlotta De Filippo da abokan aikinta suka kwatanta yaran wani ƙauye na Burkina Faso mai suna Boulpon da yaran birnin Florence na Italiya. Cimakar yaran ƙauyen gero ce da dawa da wake da ganye, wato kusan irin ta karkarar ƙasar Hausa. An tarar hanjinsu ya fi yalwar nau'o'in bakteriya, musamman masu narkar da harza, kuma sinadaran nan masu tsami sun fi yawa a cikin bahayarsu. A 2015 kuma Stephen O'Keefe da abokan aikinsa suka sa baƙaƙen Amurka 20 na birnin Pittsburgh da mutanen karkara 20 na lardin KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu suka yi musayar irin abincinsu na tsawon mako biyu. Harzar da Amurkawan suke ci ta tashi daga giram 14 zuwa 53 a rana, ta 'yan Afirkan kuwa ta sauka daga 66 zuwa 12. Cikin wannan ɗan lokaci butiret ya ninka fiye da sau biyu a hanjin Amurkawan, alamun kumburi a bangon hanjinsu suka ragu, na 'yan Afirkan kuma suka ƙaru. Darasin da ke nan shi ne, kariyar da aka gani a wurin mutanen karkarar Afirka daga akushi take, ba gādon jini ba ce, kuma tana iya gushewa cikin 'yan kwanaki idan abinci ya sauya.

5.0 Gwargwadon da Ake Buƙata

5.1 Manya

Hukumomin lafiya sun ɗan bambanta a kan adadin, saboda kowace da ma'aunin da ta yi amfani da shi. A 2002 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ƙayyade giram 14 ga kowane kalori 1,000 na abincin da mutum ya ci. Bisa wannan lissafi, namiji ɗan shekara 19 zuwa 50 yana buƙatar giram 38 a rana, mace giram 25. Bayan shekara 50 kuwa, namiji 30, mace 21, saboda cin abinci yana raguwa da tsufa. Mai juna biyu an sa mata 28, mai shayarwa 29. Wannan cibiya ta gina lissafinta ne a kan kariya daga ciwon zuciya.

Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai kuwa, a 2010, ta ɗauki lafiyar hanji a matsayin ma'auni, ta yanke cewa giram 25 a rana ya isa babban mutum ya riƙa yin bahaya ba tare da wahala ba. A 2015 kwamitin masana mai ba gwamnatin Birtaniya shawara a kan abinci ya sa giram 30. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya gaza giram 25 a rana na harzar da take cikin abinci tun asali, tare da aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa.

Babbar hujjar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da ita ita ce nazarin da Andrew Reynolds da Jim Mann da abokan aikinsu na Jami'ar Otago suka buga a mujallar Lancet a 2019. Sun tattara sakamakon bincike 185 na bibiyar rayuwar jama'a da gwaje-gwajen asibiti 58. Sun tarar cewa waɗanda suka fi cin harza, idan aka kwatanta su da waɗanda suka fi ƙarancin cin ta, haɗarin mutuwa da na kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon sukari da ciwon dajin hanji ya ragu a wurinsu da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Amfanin ya fi bayyana tsakanin giram 25 da 29 a rana, kuma akwai alamar yana ci gaba da ƙaruwa sama da haka.

Idan aka haɗa waɗannan duka, za a iya cewa giram 25 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata babba ya samu, giram 30 shi ne abin nema, kuma namiji mai aikin ƙarfi da yake cin abinci da yawa yana iya kaiwa 35 ko fiye. A Amurka matsakaicin abin da babba yake ci bai wuce kimanin giram 16 ba, a Birtaniya kuma yana wajen giram 20 ko ƙasa da haka. Wannan shi ne inda cimakar farin gari da sukari take kai al'umma, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

5.2 Yara

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta sa wa yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 aƙalla giram 15 a rana, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 21, daga shekara 10 zuwa sama kuwa giram 25, daidai da babba. Jariri da bai kai wata shida ba nonon uwa ya ishe shi. Wanda ake shirin yayewa kuma cikinsa ƙarami ne, idan aka cika shi da abinci mai dusa sai ya ƙoshi tun bai sami abin da zai gina jikinsa ba. Don haka ba a cusa wa ɗan ƙasa da shekara biyu harza da gangan, sai dai abin da ya samu a cikin wake da kayan lambu da 'ya'yan itace da aka dafa ko aka marmasa masa.

5.3 Alamar da Jiki Yake Nunawa

Ba kowa ne yake da ma'aunin giram a madafa ba, amma jiki yana ba da labari. Likitoci sun ɗauki yin bahaya daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako a matsayin abin da ba ciwo ba. Abin dubawa shi ne yadda take fita. Idan tana da laushi, a dunƙule, tana fita ba tare da yunƙuri ko daɗewa a makewayi ba, to hanji yana samun abin da yake so. Idan kuwa tana fita guntu-guntu da tauri kamar ta awaki, tare da nishi, wannan shi ne bushewar ciki, kuma abu na farko da za a bincika shi ne abinci da ruwan sha.

6.0 Harza a Cimakar Hausawa

Alƙaluman da ke tafe ƙiyasi ne na harzar da ke cikin giram 100 na kowane abinci, kamar yadda jadawalin abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka ya nuna. Dafaffen wake yana da kimanin giram 6.5, gyaɗa 8.5, dabino 7 zuwa 8, gwaiba 5.4, ɗanyar kuɓewa 3.2, karas 2.8, ayaba 2.6, lemon zaƙi 2.4, mangwaro 1.6. Ƙwayar dawa da ba a surfa ba tana da kimanin giram 7. Garin alkama da aka niƙa da dusarsa yana da wajen giram 11, fulawa kuwa 2.7 kacal. Dafaffiyar shinkafa mai ɗauke da dusarta tana da kusan giram 2, fara fat kuwa 0.4. Lemon zaƙin nan idan aka matse shi aka tace, ruwansa bai fi giram 0.2 ba.

Abin da waɗannan alƙaluma suke nunawa shi ne, bambancin da ke tsakanin amfanin gona biyu bai kai wanda ke tsakanin hatsi ɗaya kafin a sarrafa shi da bayan an sarrafa shi ba. Alkama ɗaya ce, amma injin fulawa ya raba ta da kashi uku cikin huɗu na harzarta. Haka abin yake ga surfen da aka tsananta, da garin da aka tankaɗe da rariya mai laushi, da gasarar da aka tace da ƙyalle aka zubar da dusarta, da waken da aka cire wa ɓawo don ƙosai ko alala.

Alal misali, a ɗauki ma'aikaci mazaunin birni. Da safe ya sha shayi da farin biredi giram 100, wanda ya ba shi kimanin giram 3 na harza. Da rana ya ci farar shinkafa giram 300 da miyar dage-dage da nama, shinkafar ta ba shi giram 1 da 'yan kai, miyar ta ƙara kamar giram 2. Da dare ya ci taliya giram 250 da ƙwai, ta ba shi wajen giram 4.5. Jimilla ba ta wuce giram 11 ba, wato bai kai rabin mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba, alhali kuwa ya ƙoshi sau uku.

A ɗauki wani kuma da ya ci dafaffen wake giram 200, wanda shi kaɗai giram 13 ne. Da dare ya ci tuwon da aka tuƙa da garin dawa giram 100 wadda ba a tsananta surfenta ba, ya sami wajen giram 6, da miyar kuɓewa mai kimanin giram 3. Tsakanin abinci ya ci gwaiba giram 100 da cikin tafin hannu na gyaɗa, suka ba shi kusan giram 8. Jimilla ta kai giram 30, kuma babu abu ɗaya a ciki da ba a samun sa a kasuwar ƙauye.

Ke nan cimakar gargajiya tana da isassun hanyoyin cike wannan gurbi. Akwai garau-garau da ɗanwake da dambu da fate da gurjiya da dafaffiyar masara da gugguru. Akwai kwaɗon zogale da na rama da na tafasa. Akwai miyar kuka da ta kuɓewa da ta karkashi da ta alayyafo da taushe. A ɓangaren 'ya'yan itatuwa akwai goruba da magarya da kurna da kanya da ɗinya da aya da ƙwallon kuka, wanda kusan rabin nauyin garinsa harza ne. Abin da yake faruwa a birane shi ne, waɗannan ana yi musu kallon abincin talaka, farar shinkafa da biredi da taliya da lemon kwalba kuma suna maye gurbinsu a matsayin alamar wadata.

7.0 Harza da Cututtukan Ciki

Amfanin da ya fi tabbata shi ne na magance bushewar ciki da hana ta. Wannan yana da alaƙa ta kai tsaye da basir, domin yawan yunƙuri shi ne yake kumbura jijiyoyin dubura har su riƙa zubar da jini. Wani nazari na 2005 da ya tattara gwaje-gwajen asibiti bakwai ya nuna cewa ƙara harza yana rage zubar jinin basir da ci gaban alamunsa da kusan rabi. Magungunan wanke ciki irin su filasko suna tilasta wa hanji ya motsa na ɗan lokaci, amma ba sa gyara dalilin da ya jawo matsalar, saboda haka da an daina sha sai ta dawo.

Game da ciwon dajin babban hanji, nazarin Dagfinn Aune da abokan aikinsa na 2011 ya nuna cewa kowane ƙarin giram 10 na harza a rana yana tafiya da raguwar haɗarin da kimanin kashi 10 cikin ɗari, kuma harzar hatsi ce ta fi nuna wannan. Sai dai manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2000 a Amurka, waɗanda aka ƙara wa mutane harza na 'yan shekaru bayan an cire musu tsiro daga hanji, ba su nuna raguwar sake fitowar tsiron ba. Abin da za a fahimta shi ne, harza riga-kafi ce ta tsawon rayuwa a cikin cikakken abinci, ba a mayar da ita magani bayan ciwo ya kama.

8.0 Abubuwan Lura

Na farko, a ƙara harza sannu a hankali cikin 'yan makwanni. Wanda ya saba da giram 10 idan ya tsallaka zuwa 30 a rana ɗaya, kumburin ciki da iska da murɗa za su dame shi, domin bakteriyar hanjinsa ba su saba ba. Sannu ba ta hana zuwa. Jiƙa wake a zubar da ruwan kafin a dafa, a kuma bari ya nuna sosai, yana rage wannan damuwa.

Na biyu, harza da ruwa take aiki. Wanda ya ƙara dusa bai ƙara ruwa ba, musamman a lokacin bazara ko watan azumi, yana iya ƙara wa cikinsa tauri. Motsa jiki da amsa kiran makewayi a kan lokaci su ma suna taimakawa.

Na uku, surfe yana da nasa amfanin, ba a ce a bar shi baki ɗaya ba. Yana fitar da datti da wani ɓangare na gubar fumfuna daga hatsin da ya ji danshi. Haka kuma dusa tana ɗauke da sinadarin fayitet, wanda yake rage yadda jiki yake tsotsar sinadarin ƙarfe da na zinki, abin da ya shafi masu juna biyu da ƙananan yara. Jiƙa hatsi da tsimar da shi da tsirar da shi suna rage fayitet. Abin da ya dace shi ne a zaɓi hatsi mai kyau busasshe, a wanke shi, a sassauta surfe da tankaɗe.

Na huɗu, abincin wani gubar wani. Wanda hanjinsa ya ƙuntace, ko aka yi masa aikin ciki kwanan nan, ko yake fama da kumburin hanji, likita yana iya umartarsa da ya rage harza na wani lokaci. Har ila yau, likitocin fiɗa sun daɗe da lura cewa murɗewar ƙarshen babban hanji ta fi yawa a sassan Afirka inda ake cin abinci mai harza ƙwarai, saboda haka kumburin ciki mai tsanani tare da tsayawar bahaya da iska al'amari ne na gaggawa zuwa asibiti.

Na biyar, a bakin Bahaushe kalmar basir ta haɗiye cututtuka masu yawa, kuma wannan yana jawo jinkiri mai haɗari. Jini a cikin bahaya, ko bahaya baƙa ƙirin, ko rama ba dalili, ko ƙarancin jini, ko sauyin yadda mutum ya saba bahaya da ya wuce 'yan makwanni, musamman ga wanda ya haura shekara arba'in, duk alamu ne da suke buƙatar binciken likita. Ba a tsaya ana gwada wake da jiƙe-jiƙe a kansu.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana harza a matsayin ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, wanda yake ƙara wa bahaya yawa da laushi, yake kuma ciyar da bakteriyar da lafiyar babban hanji ta dogara da su. An ga cewa babba yana buƙatar giram 25 zuwa 30 a rana, yaro kuma giram 15 zuwa 25 gwargwadon shekarunsa. An kuma ga cewa hatsi da wake da ganye da 'ya'yan itatuwan da ƙasar Hausa take da su sun isa su biya wannan buƙata, matuƙar ba a raba su da harzarsu a turmi da inji da rariya ba. Magidancin da ya tabbatar da wake a gidansa sau ɗaya a rana, da miyar ganye ko ta yauƙi, da tuwon garin da ba a tsananta tace shi ba, da ɗan itace da ake ci da tuƙarsa maimakon a matse ruwansa, ya kai iyalinsa ga adadin da hukumomin lafiya suka ƙayyade ba tare da ya sayi wani magani ba.